Lurun Gidanmu da Hannun Bahaguwa

Ranar da aka buɗe adudun Kaka domin rabon gado, duk abin da ke ciki ya sami mai shi kafin la'asar. An kimanta tasoshi da kwalla da 'yan kunnen zinare, malamin da aka ɗauko ya buga lissafi, kowa ya karɓi rabonsa. Abu ɗaya ya rage a gindin adudun wanda aka kasa yi wa kuɗi: wani tsohon luru, naɗe cikin zanen da shi ma ya gaji da duniya. Dillaliyar da aka kira ta juya shi sau biyu, ta ce ko kyauta aka ba ta ba ta san inda za ta kai shi ba. Magada kuwa babu wanda ya yarda a yar. Daga ƙarshe suka yafe wa juna, aka danƙa shi a hannuna saboda ni ce mai riƙe allura a gidan, aka ce in gyara shi.

Na ɗauki kalmar da sauƙi. Na zaci aikin mako biyu ne. Sai da damina ta zo ta wuce ban sa allura a jikinsa ba, domin na kasa gane abin da ake nufi da gyara.

Wanda bai taɓa ganin luru ba, bargo ne na auduga, saƙar hannu, mai kauri da nauyi. Masaƙi yana fitar da shi ƙwarya-ƙwarya a ƙaramar masaƙa, sannan a jera ƙoren a haɗe su da ɗinki. Namu ƙwarya tara ne, fari da ratsin baƙi irin na shuni, kuma kafin ya zama abin rufa ya bi ta hannuwa da yawa: wadda ta gurje audugar ta raba ta da angurya, wadda ta shiɓe ta, wadda ta kaɗa zaren da mazari, marinin da ya tsoma wani sashe a karofi, sannan masaƙi. Wannan sana'a ce ta ɗaga sunan Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka birnin a 1851, abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suke kaiwa har Tambutu da bakin tekun Bahar Rum. A gidanmu ana cewa an saƙa lurun ne 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma kakar mahaifinmu, wadda muke ji ana ce wa Iya, ita ta kaɗa zarensa ta haɗa shi da hannunta. Daga ita ya dawo hannun surukarta, wato Kaka. Da wannan labari muka tashi.

Da na shimfiɗa shi a tsakar gida sai ɓarnar ta bayyana. Asu ya ci gefe ɗaya kamar rariya, ɓera ya yi wa kusurwa rami, ga tabon ruwan da ya taɓa zuba daga rufin ɗaki. Ga kuma maho guda uku. Ɗaya tsoho ne ƙwarai, na saƙi, ya kusa sajewa da jikin lurun. Na biyu guntun buhun gari ne na yadi, har da ɓurɓushin jan rubutu a jikinsa. Na uku ƙyallen atamfa ne da mahaifiyarmu ta ɗora da keke ina ƙarama, ɗinki mai gaggawa na macen da tukunya ke jiranta a murhu.

Nan gida ya rabu biyu. Yayanmu, wanda shi ne babba a ɗakinmu kuma shi zai biya kuɗin aikin, ya ce a warware duk mahon, a nemo tsohon masaƙi ya saƙa ƙoren da suka lalace, a mai da shi marina a tayar da ratsin, ya dawo kamar ranar da Iya ta gama shi, don a riƙa shimfiɗa shi ranar ɗaurin auren 'ya'yan gidan. Baffa kuma ya ce kada a taɓa ko zare ɗaya, a sa masa magani a naɗe a mayar adudu, domin duk abin da hannun ɗan yau ya ƙara a kai ragi ne.

Su biyun ba su san cewa gardamar da suke yi a zaure an yi ta a Turai tun ƙarni na 19 a kan manyan gine-gine ba. Bafaranshen nan Viollet-le-Duc, wanda ya gyara majami'ar Notre-Dame ta Faris, yana ganin aikin mai gyara shi ne ya kai gini ga cikakkiyar siffa, ko da ginin bai taɓa samun wannan cikar ba a wani zamani. Hasumiyar da ta ƙone a gobarar 2019 tasa ce, ba ta maginan farko ba. Baturen Ingila John Ruskin kuwa, a wani littafi da ya fitar a 1849, ya ɗauki irin wannan gyara a matsayin ƙarya da kuma rushewa mafi muni, ya ce a kula da abu, a tokare shi in ya karkata, in ajalinsa ya zo a bar shi ya mutu da mutuncinsa. Yaya yana bayan na farko, Baffa yana bayan na biyu, sai dai Baffa ya zarce malaminsa, tunda shi ko tokarar bai yarda da ita ba.

Ra'ayin Baffa na fara ajiyewa, kuma lurun da kansa ya ba ni hujja. Shekaru masu yawa ana rufa da shi, ana wanke shi, ana shanya shi a rana, bai yi abin da ya wuce maho uku ba. Shekara ashirin ɗin da ya yi a adudu, lokacin da Kaka ta ga ya yi daraja da yawa a taɓa shi, a cikinsu asu ya yi masa abin da ya yi. Tufa na mutuwa a ajiye kamar yadda take mutuwa a jiki, kuma mutuwar ajiya ta fi muni, don ba ta ɗumama kowa ba.

Akwai kuma tsohuwar tambayar da masu nazarin falsafa ke son jefa wa ɗalibi. Marubucin Girka Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyas, wanda mutanen Atina suka adana ƙarnuka, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka shiga musu ko jirgin nan shi ne dai na farko. Baffa zai ce ba shi ba ne. Ni wannan tambaya ba ta hana ni barci, domin mu mutanen ginin ƙasa ne. Wane gida ne a cikin birni bai sha yaɓe ba? Babban masallacin Jenne da ke Mali, wanda gininsa na yanzu ya tsaya a 1907, duk shekara mutanen gari suna taruwa su yaɓe shi da sabuwar laka, kuma ban ji wanda ya ce kowace shekara wani masallaci suke shiga ba. In aka daina yaɓen ne zai daina zama masallaci ya koma tudu. Saboda haka ƙara sabon zare a lurun bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da sabon zaren zai faɗa wa wanda zai zo bayana, da abin da zai hana shi ji.

Ra'ayin Yaya shi ne mai wuyar turewa, domin ba a kan kyau kaɗai ya gina shi ba. Ranar da na ce masa ina so in bar mahon buhun nan, ya yi shiru, sannan ya ce: "Ke yarinya ce. Kin san lokacin da Kaka ta ɗora wannan? Farin 1973 ne, lokacin da gidan nan ya kai ana kwana ba a ɗora tukunya ba. Ta sayar da zannuwanta, ba ta da ƙyallen da za ta yanka sai buhu. Ta rayu ta mutu ba ta bari maƙwabta sun san haka ba. Yanzu ke ce za ki shimfiɗa talaucinta gaban surukai?"

Ban sami amsa ba a ranar. Rufin asiri ba ƙaramin abu ba ne a wurin Bahaushe. Shi muke roƙo a addu'a kafin dukiya, da shi muke auna mutumin kirki, kuma abin rufa ma ai sutura muke ce masa. Wanda ya ga tsiraicin ɗan'uwansa ya kau da kai ya yi abin yabo. In haka ne, ashe mai gyaran da ya shafe alamar yunwa daga kayan kakarsa ɗa ne na gari, ba maƙaryaci ba. Na kusa sallamawa.

Abin da ya tsayar da ni wani tsohon maɗinki ne, mai ɗinkin hannu a wata rumfa cikin kasuwar Kurmi, wanda na kai wa lurun don ya ba ni shawarar zare. Ya kifa shi a cinyarsa, ya bi layin da aka haɗa ƙoren da babban yatsa, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce: "'Yata, wadda ta haɗa wannan bahaguwa ce. Dubi inda ɗinkin ya kwanta. Na mai dama ba nan yake karkata ba." Ya nuna mini tsohon mahon saƙin, ya ce shi ma hannun ne, sai dai a nan ya fara rawa, alamar tsufa.

Na koma gida na tambayi Goggo, yayar mahaifinmu, ko Iya bahaguwa ce. Ta yi dariya ta ce a gidan malamai wa zai bar 'ya ta girma da hagu? Da muciya ake gyara hannun tun ana ƙarama. Sai dariyar ta tsaya. Ta ce akwai dai wata tsohuwa da ta riska a ɗakin da ke kusa da turken awaki, wadda da hagu take komai, domin ita ba wanda ya damu ya gyara mata hannu. Baiwa ce. An sayo ta tana ƙaramar yarinya kafin Turawa su ci Kano a 1903, ta girma a hannun Iya, ita ke kaɗi, ita ke ɗinki, ita ta yi renon kakanmu. Sunan da ake kiranta da shi na gida ne aka laƙaba mata, na yanka kuwa, wanda iyayenta suka raɗa, ya faɗi a hanya tun ranar da aka ɗauko ta. Ba zan rubuta ko na laƙabin a nan ba, saboda dalilin da zai zo.

Dokar da Lugga ya kafa ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma waɗanda aka riga aka mallaka ba ta kwance su kai tsaye ba, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa. Ke nan lokacin da matar nan take zaune tana haɗa ƙoren lurun, hannun da ke riƙe da allurar ma a lissafin gidan dukiyar wani ne. Aikinta ya zama na Iya kamar yadda nonon saniya yake na mai saniya. Ba na zargin Iya da ƙirƙiro ƙarya. Ina jin ko a ranta ba ta ga wani abu a ciki ba, kuma wannan ya fi ƙarya ban tsoro. Shekara ɗari muna yabon hannun da bai yi aikin ba, shaida ɗaya tak da ta rage ita ce karkatar ɗinkin nan.

To, da na bi umarnin Yaya, me zai faru? Masaƙi zai warware haɗin ya sa sababbin ƙore, mai dama zai sake haɗawa, lurun zai fito fes, kuma a karon farko zai dace da labarin da muke bayarwa a kansa. Gyaran da aka ce zai mai da shi asalinsa shi ne zai kashe asalin, ya bar mana tatsuniya mai kyan gani. Kuma ba wanda zai yi haka da mugun nufi. Na lura yawancin shafe-shafen tarihi haka suke faruwa, a gida ko a ƙasa: da niyyar tsafta.

Daga nan na koma kan maganar rufin asiri da wani ido. Tambayar da ban yi wa Yaya ba ita ce, asirin wa? Suturar da addini da al'ada suka yaba ita ce wadda mai ƙarfi yake yi wa mai rauni: ka rufe kuskuren wanda tonawa za ta kassara. Akwai wani rufin kuma da mai kaya yake yi wa kayansa, ya sa busasshen hatsi a sama jiƙaƙƙe a ƙasa, kuma wannan sunansa algus, kowa ya san hukuncinsa. Shafe hannun bahaguwa ba zai suturta ta ba. Mu zai suturta, da kuɗinta. Ko mahon buhun ma, da na sake dubawa, ban ga abin kunya a jikinsa ba. Mace ce ta ga 'ya'yanta za su kwana cikin sanyi da yunwa, ta kasa maganin ɗaya ta yi maganin ɗaya. Kuma Kaka ta yi shekaru bayan wadata ta dawo, da zannuwa cike da adudu, ba ta cire shi ba. In akwai wanda ya isa ya yanke hukunci a kan wannan maho ita ce, kuma ta yanke.

Masu adana kayan tarihi sun isa wani wuri kusa da nan ta wata hanyar. Yarjejeniyar da suka rattaba wa hannu a birnin Benis na Italiya a 1964 ta tanadi cewa gyara ya tsaya a inda zato ya fara, duk abin da aka ƙara ya dace da tsohon amma mai dubawa ya iya bambance su, kuma a girmama gudummawar kowane zamani, kada a share ta don neman siffa guda. A kan gine-gine suka yi maganar, amma allura ma tana iya ɗaukarta.

Sai dai ba zan yi kamar gaskiya ta tsaya cak a gefena ba. Nuna maho ma yana iya zama wata ƙaryar. Mabiya Mahadi a Sudan sun fara da jibba mai maho na gaske, alamar gudun duniya. Kafin daular ta faɗi a 1898 mahon ya zama ado, ana yanka ƙyalle mai launi ana jera shi da tsari a rigunan manyan sarakunan yaƙi. Na tsorata da ganin kaina a wannan madubi: 'yar boko ta gano baiwa a tarihin gidansu, ta sami abin rubutu da abin nuna tsarkin zuciya. Wannan ma cin guminta ne a karo na biyu.

Ga kuma abin da ya fi nauyi. Matar nan ta bar zuriya. Jikokinta suna nan bayan layinmu, muna gaisawa, muna zuwa sunansu suna zuwa namu, yaransu da namu ba su san akwai wani abu tsakani ba sai zumunci. A garin da har yau ake bincika asali kafin a ba da aure, kalma ɗaya daga bakina tana iya rushe baikon wata yarinya da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. A nan Yaya ya fi ni gaskiya, ko da ba inda yake nufi ba: akwai asirin da ya wajaba in rufe, sai dai nasu ne, ba namu ba. Shi ya sa na raba abu biyu da na daɗe ina haɗawa. Shelanta gaskiya daban, ƙin goge ta daban. Na farkon ba hakkina ba ne ni kaɗai, sai da yardar waɗanda za ta taɓa. Na biyun kuwa yana wuyana, tunda a hannuna aka sa allurar.

Abin da na yi ba shi da yawa. Ban mai da shi marina ba, ban wanke shi da sabulu mai ƙarfi ba, ruwan sanyi kawai da inuwa. Na bar maho ukun a inda suke, har da na atamfa, wanda shi ne mafi muni a ido kuma shi na fi so. Inda asu ya ci na shimfiɗa saƙar hannu sabuwa ta baya, na kama ta da ƙananan ɗinki waɗanda duk mai so zai iya warwarewa ba tare da ya ji wa lurun ciwo ba. Zaren da na zaɓa ya ɗan fi na asalin haske, yadda daga nesa ba za a lura ba, amma wanda ya matso zai san wannan na wani zamani ne. Inda haɗin bahaguwa ya saki ban zare nata ba, na bi gefensa da nawa, ɗinki biyu suna tafiya tare, ɗaya ya karkata nan ɗaya can. Yaya ya zo ya gani, ya ce kuɗinsa dai bai yi aikin da ya so ba, kuma har yau bai ce a shimfiɗa shi a wani biki ba. Baffa ya ce na taɓa abin da ya ce kada a taɓa. Goggo ce kaɗai ta ce a bar mata shi da hunturu, ƙafafunta suna sanyi.

Kafin in kai mata, na naɗe shi na bi ta bayan layi wurin babbar jikar matar nan, tsohuwa ce yanzu, Inna muke ce mata. Na yi ta shirya magana a hanya, da na zauna duk ta gudu. Na ce dai na kawo mata wani tsohon kaya ta gani. Ta jawo shi kan cinyarta, ba ta dubi ratsin ba, ba ta dubi mahon ba, ta kifa shi ta bi layin haɗin da yatsa kamar yadda maɗinkin Kurmi ya yi. Ta daɗe a haka. Wata jikanyarta ta shigo da kwanon ruwa, ta miƙo mini da hagu, ta yi sauri ta sauya hannu.

"Bar ta," in ji Inna, ba ta ɗago kai ba. Sannan ta ce da ni: "'Yar nan, wa ya yi wannan na gefen?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Kin ja zaren da yawa. Ita ba ta ja haka." Ta miƙa hannu ta ce in ba ta allurar.